Anti Sakatariya da Zaman Laraba

Duk wanda ya yi karatun digirin digirgir a sashen nazarin gudanar da kamfanoni na jami'ar ya san Anti. Ba ta koyarwa, ba ta duba jarrabawa, amma ba a shiga wurin shugaban sashe sai ta ofishinta. Ofishin ɗan ƙarami ne a hawa na biyu, da taga mai kallon wurin ajiye motoci, da fanka mai kaɗa kai kamar tana musanta duk abin da ake faɗa. Akwai tebur da kwamfuta, da kabad ɗin ƙarfe da sai an doke shi da gwiwa yake rufuwa, da kujeru biyu na masu jira. A kan kujerun nan manya da yawa sun share hawaye, masu gemu da masu jikoki, bayan malami ya dawo musu da babi na uku jajir da jan biro. Anti takan bar mutum ya gama, sannan ta zuba masa shayi daga fulas ɗinta ta ce, "Sha tukuna. Wanda ya yi maka jan biron nan, shi ma a kujerar nan ya yi nasa kukan."

Ita 'yar gidan buga takardu ce. Mahaifinsu yana da ƙaramar maɗaba'a a bayan tashar mota, kuma tun tana firamare take jera shafuka tana ninke katin gayyata. Da ya rasu, wanta ya gaji injinan, ita kuma ta tafi da saurin yatsu. Ta koyi tafireta, ta sami aiki a jami'a tana budurwa. Tana wannan ofishin ta yi aure, ta haifi 'ya'yanta, har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Mijinta malamin makaranta ne mai son barkwanci, yakan ce shi dai aronta aka ba shi, jami'a ce mai ita.

A farkon aikinta ita take buga wa ɗalibai kundin bincikensu, don haka ta karanta da yawa ko ba ta so. Da kwamfuta ta wadata kowa ya koma buga nasa, amma hanyar kundin ba ta canja ba. In an gama, a kai shi maɗaba'ar wanta a yi masa shuɗin bango da rubutun ruwan zinariya, a dawo da shi, a jera a ɗakin ajiya da ke bayan ofishinta. Mabuɗin yana hannunta. Masu neman sa kuwa ɗalibai ne kawai, masu son ganin yadda ake tsara babi. Hakan bai taɓa hana ta barci ba. Tana son aikinta, tana son hayaniyar farkon zango, tana son ranar yaye ɗalibai, lokacin da waɗanda ta sha lallashi suke zuwa da iyalansu a ɗauki hoto da ita.

Sai aka naɗa sabuwar shugabar sashe, wata Farfesa gajera mai saurin tafiya, wadda ta yi shekaru tana kula da ma'aikata a masaƙa kafin ta koma karatu. Ranar da ta kama aiki ta nemi mabuɗin ɗakin ajiya. Ta daɗe a ciki, ta fito tana atishawa.

"Anti, duk waɗannan a kan yadda ake tafiyar da kamfani aka rubuta su?"

"Duka, Farfesa."

"Masu kamfanonin sun sani?"

Anti ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Ashe da gaske take. Kafin wata ya ƙare Farfesa ta fito da doka: duk ɗalibin digirgir, kafin ya yi nisa da rubutu, sai ya tsaya gaban mutanen da suke yin aikin da yake bincike a kai, ya faɗa musu abin da ya gano, su ma su faɗa masa abin da suka sani. Aka tsayar da Larabar farko ta kowane wata, da yamma. Farfesa da kanta ta rubuta takardar gayyata da Turanci mai nauyi, aka rarraba wa kamfanoni.

Rana ta zo. Aka jera kujeru, aka kunna majigi, aka ajiye ruwan roba a kan kowane tebur, ɗalibai suka sha kwat. Aka yi ta jira har rana ta yi sanyi. Mutum ɗaya ne ya leƙo, shi ma ɗakin karatu yake nema ya ɓata hanya.

Farfesa ta dawo ta zube a kujerar masu jira. "Mutanen nan ba sa son ilimi," in ji ta.

"Ba haka ba ne, Farfesa. Takardar ce ta ba su tsoro. Mutum ya ga tambarin jami'a da irin wannan Turancin, sai ya ɗauka jarrabawa za a yi masa. Ki bar mini na wata mai zuwa."

"Me za ki yi?"

"Waya zan yi."

Anti ta san mutane, kuma ta san yadda ake kiran kowa. Ta kira wata ƙawarta da suka koyi tafireta tare, wadda yanzu take tafiyar da wani ƙaramin asibiti. Ta kira mai kamfanin motocin haya na unguwarsu, da matar da take ɗinka wa makarantu kayan ɗalibai. Ba ta ce musu taron bincike ba. Cewa ta yi, "Akwai wasu a wurinmu suna rubutu a kan sana'arku, ku zo ku ji ko gaskiya suke faɗa." Ba wanda ya iya ƙin wannan.

Wanta ne kawai ya ba ta wuya.

"Ni da ko sakandare ban gama ba, me zan je yi jami'a?"

"Yaya, tun yaushe kake yi wa kundayen nan bango?"

"Bango aka ce in yi, ba a ce in karanta ba."

"To ka zo ka ji abin da kake lulluɓewa. Akwai shayi."

"Da madara?"

"Da madara."

Ya zo, babbar 'yarsa ce ta tuƙo shi. Ita ta karanta aikin akanta, ta daɗe tana aiki a maɗaba'ar, har ma'aikata suna kiranta Manaja, ko da yake ko gwangwanin tawada ba a saye sai an ji ta bakin uban. Ta zauna kusa da ƙofa, shi kuma ya wuce sahun gaba ya harɗe ƙafa.

Wanda ya fara magana wani ɗalibi ne da ake kira Dogo, tsohon ma'aikacin banki, magidanci, wanda sai ya rusuna yake shiga ofishin Anti. Bincikensa a kan yadda kamfanin gida yake komawa daga hannun uba zuwa hannun ɗa ne. Ya fara da Turanci, yana nuna zane a bango, kibiyoyi suna shiga akwatuna suna fita. Ba a jima ba mai asibiti ta fara gyangyaɗi. Anti tana baya, ta ɗaga masa hannu. Tun da safe ta ce masa ya yi bayani kamar mahaifiyarsa yake yi wa. Ya gan ta, ya kashe majigin ya koma harshen gida.

Nan Yaya ya ɗaga yatsa. "Dakta, tsaya."

"Ban zama dakta ba tukuna, Baba."

"Za ka zama. Duk wannan da kake faɗa, wa ya gaya maka?"

Dogo ya ce ya aika wa masu kamfanonin gida takardar tambayoyi.

"Mai 'yan akwatuna ɗin nan da ake ƙyasta wa biro? Ai ta zo wurina. Ina cin abinci na cike ta. Duk inda na ga an rubuta 'ƙwarai' nan na ƙyasta, don kada a ce kamfanina ba ya tafiya daidai."

Ɗakin ya ɗauki dariya, har da Farfesa. Zufa ta keto wa Dogo, amma bai zauna ba. Ya jira aka yi shiru, ya ce, "Na gode, Baba, wannan gyara ne babba. Sai dai 'ya'yan ma na aika musu tasu daban. Kusan duk iyayen sun ce sun gama shirya magaji. Kusan duk 'ya'yan sun ce ba a taɓa barin su sun yanke shawara su kaɗai ba, ko ta sayen takarda."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Dogo bai san cewa matar da ke bakin ƙofa 'yar tsohon ce ba. Anti ta ga Manaja ta sunkuyar da kai tana juya mabuɗin mota a tafinta. Yaya bai ƙarasa shayinsa ba.

Farfesa ta yi murna da zaman, don an yi musu har magariba kuma kowa ya ce zai dawo. Anti kuwa ta koma gida jiki a sanyaye. Yaya ya daina kira, ya daina biyowa ran Lahadi yadda ya saba. Ya gaya wa mijinta cewa ƙanwarsa ta haɗa baki da Manaja sun kai shi jami'a an kunyata shi. Ba ta haɗa baki da kowa ba, ba ta ma san abin da Dogo zai faɗa ba, kuma zargin ya yi mata ciwo.

"Rabu da shi, zai huce," in ji mijin. "Mutumin da ya taɓa yin gaba da inji don ya cinye masa hannun riga."

Ana nan, wata safiya sai ga Manaja a ofis.

"Gwaggo, Baba ya ce a ba shi lambar dogon nan."

"Zagin sa zai yi?"

"A'a. Ya ce in dai zai yi rubutu a kanmu, ya zo ya zauna ya gani da idonsa, ya daina aiko wa mutane akwatuna."

Dokar makaranta ba ta san da ɗalibin da zai kwashe zango guda a maɗaba'a a ce karatu yake yi ba. Farfesa ta sa hannu, amma Anti ce ta ɗauki fayil ɗin da ƙafarta ofis zuwa ofis. Ta san wanda ake samu da sassafe, ta san wanda ba a tunkara sai ya ci abincin rana. Aka amince.

Duk Juma'a Dogo yakan biyo ofis, bakin hannun rigarsa duk tawada, yana warin gam. Ya koyi jera shafuka, ya koyi gudun wuƙar yankan takarda. Wata rana ya zauna ya ce, "Anti, ashe rabin abin da na rubuta ba haka yake ba. Na ɗora wa iyaye laifin duka. Amma ko Baba ya ce a je wurin Manaja, ba a zuwa. Babban mai inji ya goya ta tana jaririya, ta ba shi umarni ya ce to, ya zagaya ta baya ya tambayi Baba. Kwastoma ya shigo, tana tsaye a gabansa, ya ce ina maigidan. Ita ma da an matsa mata sai ta ce bari Baba ya dawo. Muddin yana cikin ginin, ba abin da zai motsa."

"To ya za a yi?"

"Na karanta labarin wasu da suka gwada wani abu. Mai wurin ya riƙa ɓacewa wasu ranaku, ya kashe waya. Na faɗa masa."

"Bai kore ka ba?"

"Ya yarda. Ya ce zai yi ne don mu ga yadda wurin zai rushe."

Aka sa Talata da Alhamis. Talatar farko Anti tana buɗe ofis sai ta ga mutum a tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya. Yaya ne.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya. Matata ta ce in na zauna mata a gida ina sa mata ido a girki za ta tattara ta tafi gidan 'yarta. Ina zan je?"

Bai ambaci fushin ba, ita ma ba ta tayar ba. Ta jawo masa kujera ta buɗe fulas. Ranar ta sha fama. Ya taɓa takardar ofis ya ce mai arha ce. Ya duba kalandar bango ya ce wanda ya buga ta bai san ja ba. Jim kaɗan ya laluba aljihu, ya tuna wayar a kashe take, ya yi tsaki. Da rana ta yi ya ce shi yana jin ƙarar injinsa ta canja, alhali tsakaninsa da injin tafiyar mota ce mai nisa.

Ɗalibai ne suka cece ta. Sun gane shi daga zaman Laraba, kuma mai jiran ganin Farfesa ba ya rasa abin tambaya. Ta yaya ake korar ma'aikacin da yake ɗan'uwa? Me ya sa ƙananan kamfanoni ba sa son rubuta ƙa'ida? Yaya yakan gyara zama ya ba da labari, wani lokaci ya amsa tambayar, wani lokaci ya bi wata hanya daban. Shi ma ya tsinci nasa. Wata ɗaliba mai bincike a kan gajiyar ma'aikata ta tambaye shi da wane lokaci aka fi yankewa a wuƙar takarda. Ya tuna waɗanda suka ji rauni, ya ga duk da yamma ne, gab da tashi. Washegari ya mayar da aikin yanka safiya. Ko da yake, kamar yadda ya gaya wa Anti, shawara kawai ya bayar, Manaja ce ta sa hannu.

Wata Alhamis aka yi kuskure a maɗaba'a. Wata makaranta ta ba da aikin mujallarta ta ƙarshen shekara, aka buga hoton shugaban makarantar a ƙarƙashin sunan mai gadi. Manaja ce ta gani kafin a kai. Ta kira makarantar da kanta ta faɗi gaskiya, ta nemi kwana ɗaya, ta tsayar da wani aikin, ta sa babban mai inji ya sake buga shafin, kuma bai zagaya ko'ina ba don babu wurin zagayawa. Yaya bai ji labarin ba sai da shugaban makarantar ya tare shi a hanya yana yaba masa 'yarsa.

Talatar da ta biyo ya shigo ofis ya zauna bai ce a zuba shayi ba.

"Ba wanda ya kira ni," in ji shi.

"Ai kai ka ce kada a kira ka, Yaya. Wayar ma a kashe take."

"Sun san inda nake. Na faɗa, amma ban zaci za su ji ba."

Anti ta daina bugun da take yi ta dube shi. Ba ta iya gane ko fushi yake ba. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya, ya zaro hankici yana goge ido.

"Mai gadi!" ya ce. "Da ni ne da na ɗora wa makarantar laifi, na ce su suka kawo hotunan a hargitse. Ita ta ce mu ne. Kuma sun ƙara ba ta aiki."

Zaman Laraba ya ɗore, amma ba kullum yake daɗi ba. Akwai ɗan kasuwar da ya zo tallar hajarsa kawai, sai da Anti ta daina kiran sa. Akwai malaman da suka ce an mayar da jami'a majalisar hira. Mai motocin haya ya ga wani ɗalibi ya burge shi, ya ɗauke shi aiki, karatun ya tsaya nan, kuma Farfesa ta daɗe tana mita. Wasu ɗaliban sun tsani zaman har suka gama. Duk da haka kujerun ba su sake zama wayam ba, kuma har ta kai masu sana'a su suke kawo tambayoyinsu su ce ko akwai mai son ya bincika.

Dogo ya sake rubuta kundinsa kusan daga farko, abin da ya ƙara masa shekara guda. Ranar da zai kare shi gaban malamai, Anti tana waje tana kai da kawo, Yaya yana zaune a kujerar masu jira ya sha babbar riga kamar shi za a yi wa tambayoyin. Da Dogo ya fito yana murmushi, tsohon ya miƙe ya kama hannunsa da hannu biyu. Daga nan ranakun ɓacewar Yaya suka ƙaru, har ya zama sai Asabar yake leƙa maɗaba'ar, ya zagaya, ya ce an bar ƙura a kan inji, Manaja ta ce to Baba, ya tafi.

Da lokacin ritayar Anti ya yi, an yi mata ɗan taro a ɗakin da ake zaman. Farfesa ta yi jawabi mai tsawo, mai ɗinki ta kawo mata atamfa, tsofaffin ɗalibai suka zo daga nesa. Aka ce ta yi magana. Ta miƙe ta ce ita dai ba ta yi komai ba illa kiran waya, ta gode wa kowa, ta roƙi a yafe mata in ta taɓa ɗaga wa wani murya, ta zauna.

Litinin ɗin farko ta farka da wuri yadda ta saba, ta yi wanka, har ta ɗauki jaka kafin ta tuna. Mijinta, wanda ya riga ta yin ritaya, yana baranda yana ba shukokinsa ruwa. Ya dube ta da jakar a kafaɗa, bai yi mata dariya ba. Ya nuna mata ɗayar butar.

"Waɗancan na gefen katanga ba a cika musu ruwa," in ji shi. "Zo in nuna miki."

Ta ajiye jakar a kan kujera, ta tuɓe takalmi, ta bi shi.